Ko ƙwayoyin hanjina ne suka hana ni ramewa?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 37, 'ya'yana uku. Tsayina santimita 160, nauyina kilo 86. Tun bayan haihuwar autana nake ta ƙara ƙiba, yau shekara huɗu ke nan. Da safe cikina a lafe yake, amma kafin la'asar ya kumbura kamar mai cikin wata biyar, ga iska ga gyatsa, kuma sai in yi kwana uku ban zaga ba. A bara na sha antibayotik har sau uku, biyu daga ciki ni na saya wa kaina. Na yi wata biyu ina shan shayin rage ƙiba, kilo uku suka tafi, ina dainawa suka dawo har da riba. Yanzu kuma na ga ana ta yaɗawa a intanet cewa ƙwayoyin da ke cikin hanji ne ke sa ƙiba, wai akwai kafso mai gyara su. Na sayi kwalba ɗaya, ta kusa ƙarewa, ban ga komai ba. Na gwada cin wake da ganye kullum, kwana huɗu na haƙura don kumburin ninkuwa ya yi. Don Allah, ƙwayoyin nan ne suka hana ni ramewa? Me zan yi?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya zuri'a.

Matsala biyu kika haɗa a wasiƙarki, kuma sai an raba su kafin a san ta inda za a kama. Cikin da ke lafewa da safe ya tashi da yamma ba kitse ba ne. Kitse ba ya zuwa da hantsi ya tafi da asuba. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da wajen kalori 7,700, tara shi aikin makonni ne, zubar da shi ma haka. Abin da ke tayar miki da ciki kafin la'asar iska ce da bayan gida da ya daɗe bai fita ba. In kina son ki gani da idonki, samu tef ɗin awo irin na tela, ki zagaya shi daidai cibiya da safe bayan kin yi fitsari, ki sake awo kafin ki kwanta, kwana uku a jere. Lambar safe ita ce ta kitse. Abin da ya hau kanta da dare shi ne kumburi. Na biyun nan ana iya ganin sauƙinsa cikin makonni kaɗan, na farkon kuwa sai an yi watanni ana fama.

Game da ƙwayoyin, maganar da kika gani tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri. Gaskiya ne hanjin kowane baligi cike yake da bakteriya. Ƙiyasin da masu bincike na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar a 2016 ya kai su wajen tiriliyan 38, kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikin mutum kansa, amma duka nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Kusan dukkansu a babban hanji suke zaune, can ƙarshen hanya. Kafin abinci ya isa wurinsu, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse sukari da mai da furotin ya tura cikin jini. Abin da ke kai musu shi ne ragowar da cikinmu ba shi da makaman narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zare-zaren ganye, sulɓin kuɓewa, wato abin da ake kira faiba. Wannan ne abincinsu. In suka same shi sai su ruɓar da shi, su fitar da iska da wasu sinadarai uku masu muhimmanci, asitet da furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin bangon babban hanji, shi ke riƙe shi da ƙarfi. Sinadaran nan kuma suna taɓo wasu ƙwayoyin bangon hanji su saki GLP-1 da PYY, masu kai wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi. GLP-1 ɗin nan shi ne alluran rage ƙiba da ake yayi yanzu suke kwaikwayo, ko da yake abin da hanji ke saki da kansa bai kama ƙafar ƙarfin allurar ba.

Labarin ƙiba kuwa daga ɓeraye ya taso. A ɗakin binciken Jeffrey Gordon da ke Jami'ar Washington ta birnin St. Louis a Amurka, ana kiwon ɓeraye a cikin killatattun akwatuna tun daga haihuwa, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu. A 2004 aka ɗura wa irin waɗannan ɓeraye bakteriyar ɓerayen waje, cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, alhali cin abincinsu raguwa ma ya yi. A 2013 aka ƙara matsawa gaba. Aka nemo tagwaye mata, kashi huɗu, kowane kashi ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, aka sa bakteriyar hanjinsu a cikin ɓerayen. Waɗanda suka karɓi ta mai ƙiba suka fi tara kitse. Nan masu talla suke tsayawa da ba da labarin. Ragowarsa ita ce ta fi amfani gare ki: da aka haɗa ɓerayen a keji ɗaya, bakteriyar siraran ta mamaye hanjin sauran ta hana su ƙiba, amma hakan ya faru ne idan abincin kejin mai yawan kayan lambu ne da ƙarancin kitse. Da aka ba su abinci mai maiƙo maras ganye, bakteriyar kirkin ta kasa zama. Tun a ɓera ke nan, abinci ne ke zaɓar wanda zai zauna.

Da aka zo kan mutane sai abin ya yi sanyi. An gwada dashen bakteriyar siraran mutane ga masu ƙiba, wato a ɗebo ta daga bayan gidansu a sa a hanjin wani. A birnin Auckland na New Zealand an yi wa matasa 87 gwajin, rabi suka haɗiyi kafson gaske, rabi na bogi, sakamakon ya fito a 2020: nauyin waɗancan bai sauka fiye da na waɗannan ba. A Amsterdam an ga jikin wasu maza ya fi karɓar insulin makonni shida bayan dashen, daga baya amfanin ya gushe. Dashen nan magani ne tabbatacce ga wata muguwar gudawa mai yawan dawowa da ƙwayar Clostridioides difficile ke haddasawa, a asibiti kawai, bayan an tantance mai bayarwa. Ko a hakan, a 2019 wani majiyyaci ya rasu a Amurka saboda ƙwayar da ba ta jin magani ta biyo dashen. Mun faɗi wannan ne don akwai masu koya wa mutane yin sa a gida. Kada ki ko kusanci wannan.

In kina son adadi, wanda ya fi dacewa da tambayarki ya fito ne daga wani gwaji da aka buga a 2023, wanda aka yi a jihar Florida. Mutum 17 aka ajiye, ana auna duk abin da ya shiga cikinsu da duk abin da ya fita. Kowannensu ya ci abinci iri biyu a lokuta daban: ɗaya tatacce, na garin da aka cire wa dusa da kayan gwangwani, ɗayan kuma mai wake da hatsi cikakke da 'ya'yan itace. A kan na biyun, matsakaicin abin da ya bi bayan gida ya fita ba tare da jiki ya tsotse shi ba ya ƙaru da kalori 116 a rana. Wato kwatankwacin cokalin cin abinci ɗaya na man girki. In aka dore, ya kai kilo ɗaya na kitse a wata biyu da 'yan kwanaki, a lissafin takarda. Ba abin rainawa ba ne. Amma gwangwanin lemon kwalba ɗaya yana da wajen kalori 140, shi kaɗai ya shafe ribar yinin. To kin ga matsayinsu ke nan: suna da hannu, amma ba su ne suka ɗora miki kilo 86 ba, kuma ba su isa su hana ki ramewa ba.

Kafson da kika saya, wanda ake kira furobayotik, ba mu ga laifinki ba, tallar tana da daɗin ji. Sai dai idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ƙiba, bambancin da ake samu tsakanin mai shan sa da mai shan na bogi bai kai kilo ɗaya ba, bayan watanni. Dalilin a fili yake. Kafso ɗaya yana ɗauke da biliyan ɗaya zuwa goma ko ashirin, in ma suna da rai lokacin da kika haɗiye, ana zuba su cikin tiriliyan 38 da suka riga suka kama wuri. Baƙi ne masu wucewa, yawanci kwanaki kaɗan bayan an daina sha ba a ƙara ganin su a bayan gida. Ko Akkermansia muciniphila, bakteriyar hanji wadda sunanta ya fi tashe, gwajin da aka yi mata a Beljiyam a 2019 mutum 32 ne suka kammala shi a wata uku. An ga alamar gyara a aikin insulin, amma saukar nauyin ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Ki ƙarasa kwalbar in kina so, ba za ta cuce ki ba muddin garkuwar jikinki lafiya take, amma kada ki sayi ta biyu. Haka ma gwajin bayan gida da wasu kamfanoni ke sayarwa, su turo miki jadawali mai launi wai ga "ƙwayoyin ƙiba" sun rinjayi "ƙwayoyin rama". An daɗe ana yawo da batun rinjayen Firmicutes a kan Bacteroidetes, manyan rukunoni biyu na bakteriyar hanji, a jikin masu ƙiba tun 2006, amma da aka sake bin bayanan bincike da dama a 2016, ba a sami alaƙa mai ƙarfi ba. Har yau babu wani jerin ƙwayoyi da masana suka yarda cewa shi ne ma'aunin lafiyayyen hanji.

Shayin rage ƙiba shi ne ya fi damun mu a duk wasiƙar. Galibin irin waɗannan shayi ganyen sena ne a ciki, ɗan'uwan filasko, aikinsa tsikarar babban hanji ya yi ta murɗawa bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Ki tuna cewa kalori a ƙaramin hanji ake tsotse shi, kafin a iso inda shayin ke aiki. Kilo ukun da kika gani sun tafi ruwa ne da bayan gida, shi ya sa suka dawo da kika daina. A hanya kuma yana tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke kawo kasala, ɗaurewar jijiya da rikicewar bugun zuciya. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, zawo mai yawa yana iya rage mata aiki. Sannan hanjin da aka saba wa bulala wata biyu, ranar da aka ajiye bulalar sai ya yi kwance na ɗan lokaci. Da wuya a ce wannan ba ya cikin abin da ya sa kike kwana uku ba ki zaga ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Antibayotik sau uku a shekara shi ma ya taɓa su, babu shakka. Maganin ba ya tambayar wace ce mai cuta wace ce 'yar gida. A wani bincike na 2018 a Denmark, an ba lafiyayyun maza 12 haɗin antibayotik masu ƙarfi na kwana huɗu. Cikin wata ɗaya da rabi yawancin ƙwayoyin sun farfaɗo, amma bayan wata shida akwai nau'i tara da ba a ƙara gani ba a hanjin mafi yawansu. Makiyayan zamani sun san tun shekarun 1950 cewa ɗan antibayotik a abincin dabba yana sa ta saurin yin nauyi, har Tarayyar Turai ta haramta hakan a 2006. Wannan bai tabbatar da cewa shi ya sa ki ƙiba ba, ke da kike baliga. Abin da muke cewa shi ne: wanda likita ya rubuta, ki sha yadda ya ce, na mura da ciwon maƙogwaro da zawon kwana ɗaya da kike saya da kanki, ki bar shi, yawancinsu bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa bairos.

Yanzu ga wake da ganyen da kika gwada kika bari. Hanyar daidai ce, gudun ne ya yi yawa. Hanjin da ya saba da giram goma ko sha biyu na faiba a rana, aka wayi gari aka jibga masa talatin, kuma ga tsohon bayan gida ya tare hanya, dole iska ta rasa mafita. Wake yana da wasu sukari, rafinos da dangoginsa, da cikinmu ba ya iya fasawa. Bakteriya ce ke cinye su ta saki iska. Ƙwayoyin suna fara sauyawa cikin kwana ɗaya ko biyu da sauya abinci, amma kafin hanji ya saba, sai an ba shi mako biyu zuwa huɗu. An taɓa ba mutane rabin kofi na wake kullum ana bin su: ƙasa da rabinsu ne suka yi kukan ƙarin iska a makon farko, a kan farin wake mai baƙin ido ma wajen mutum ɗaya cikin biyar ne, kuma yawancinsu kukan ya lafa a makonnin da suka biyo. Ke a kwana na huɗu kika tsaya, daidai lokacin da abin ya fi tsanani.

Saboda haka ki fara da buɗe hanya tukuna. Makon farko kada ki ƙara wake ko kaɗan. Ki sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka in ana zafi ko kina shayarwa. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, shi ne alamar ya isa. Ki nemi garin ɓawon isfagula, wanda ake sayarwa a kantin magani da sunan psyllium. Ƙaramin cokali ɗaya a cikakken kofin ruwa, ki dama ki shanye nan take kafin ya yi kauri, ki bi shi da wani rabin kofi, sau ɗaya a rana. Shi yana riƙe ruwa ya tausasa bayan gida, kuma bakteriya ba ta cika ruɓar da shi ba, don haka iskarsa kaɗan ce. Kada ki sha shi a bushe, kada ki sha dab da kwanciya, kuma ki ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da kowane magani. Bayan karin kumallo da minti 15 zuwa 30 hanji yana motsawa da kansa. Ki shiga banɗaki a lokacin ko ba ki ji matsuwa sosai ba. In na zama ne, ɗora ƙafafunki a kan ɗan kujera gwiwa ta ɗara ƙugu, ki ɗan sunkuya gaba. Minti biyar, ba yunƙuri mai ƙarfi, ba waya a hannu. In bai zo ba ki tashi, gobe ma rana ce. Idan mako ya cika babu canji, mai kantin magani ko likita zai iya ba ki laktulos ko makrogol na ɗan lokaci, su ruwa suke jawowa cikin hanji, ba bulala suke yi ba.

Daga mako na biyu sai ki fara hawa, kina ƙara wajen giram biyar na faiba a kowane mako, har ki kai aƙalla giram 25 a rana, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya, tare da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Wake ki fara da cokali uku na dafaffe, wato giram biyu zuwa uku na faiba, bayan kwana huɗu ki kai shida, a hankali har rabin kofi. Ki jiƙa shi awa takwas zuwa sha biyu. Za ki ga ruwan ya yi kumfa-kumfa a sama ya ɗan yi yauƙi. Zubar da shi, ɗauraye, ki dafa da sabon ruwa har ƙwayar ta murƙushe tsakanin yatsa biyu ba tare da wani gari-gari a tsakiya ba. Jan wake mai siffar ƙoda dole ya tafasa sosai aƙalla minti goma, in ba haka ba akwai guba a cikinsa mai sa amai da zawo.

Don ki san yadda giram 25 yake a faranti: rabin kofin dafaffen wake giram shida zuwa bakwai ne, giram 40 na hatsin ot, huɗu, dankali matsakaici da ɓawonsa, wajen huɗu, tuffa da ɓawonta, huɗu, ayaba, uku, kofi ɗaya na dafaffen kabeji da karas ko kuɓewa, uku zuwa huɗu, tafin hannu na gyaɗa, biyu da rabi. Kin haura 25 ke nan. A gefe guda, kofin farar shinkafa bai kai giram ɗaya ba, yankan farin burodi ma haka, shi ya sa mutum zai ci ya ƙoshi sau uku a rana ƙwayoyin hanjinsa na kwana da yunwa. Lemo da abarba a ci su da tsoka. In aka matse aka tace, an zubar da rabon hanji an sha sukarin. Ki riƙa sauya iri kuma, don kowace ƙwaya da abin da take ci. Wani babban bincike a Amurka a 2018 ya ga masu cin nau'in tsiro sama da 30 a mako sun fi masu cin goma ko ƙasa yawan nau'in bakteriya. Ba sai kin riƙe alƙalami kina ƙirga ba. Albasa, tafarnuwa, tumatir, citta, riɗi, duk suna cikin lissafi.

Abinci mai tsami na ɗabi'a yana da nasa gurbin. A Jami'ar Stanford a 2021, mutum 36 aka raba biyu na mako goma, waɗanda aka ɗora a kan yogot da kayan lambu masu tsami suka sami ƙarin nau'in bakteriya da raguwar alamomin kumburin jiki da ake aunawa a jini. Sun ci da yawa, har kusan sau shida a rana, ba mu ce ki yi haka ba. Kofi ɗaya na yogot maras sukari a rana ya isa farawa. Duba jikin robar: in an dafa shi bayan ya yi tsami don ya daɗe a kan kanta ba firiji, ƙwayoyin sun mutu, in kuma mai zaƙi ne, cokulan sukarin da ke ciki sun cinye amfanin. Akwai kuma dabarar shinkafa ko dankalin turawa da aka dafa aka sanyaya, wani ɓangare na sitacinsu yana taurarewa ya wuce ƙaramin hanji ya zama abincin bakteriya, ko an sake ɗumamawa. Ribar ba ta da yawa, kuma shinkafa tana da haɗari in ta kwana a waje: a sa ta firiji cikin awa ɗaya, a ci cikin kwana ɗaya, a ɗumama ta yi zafi har tsakiya.

Sai maganar kilo 86. A tsayinki, ma'aunin BMI, mai gwada nauyi da tsayi, ya kai wajen 33.6, ya shiga sahun ƙiba, kuma awon cibiyarki na safe ana so ya koma ƙasa da rabin tsayinki, wato santimita 80. Kada ki sa wannan a gaba yanzu. Burin farko kilo huɗu zuwa takwas ne cikin wata shida, kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinki. Wannan kaɗai yana sauke hawan jini da sukari da kitsen hanta. Rabin kilo a mako shi ne tafiyar da ke ɗorewa, kuma yana buƙatar giɓin wajen kalori 500 a rana. Faiba za ta ba ki wani kaso ta hanyar ƙoshi da abin da ke bin bayan gida, sauran kuwa sai kin cire da hannunki. Wurare uku ne suka fi saurin bayarwa: abin sha mai zaƙi, har da shayin da ake zuba wa cokali uku, man girki, wanda ya kamata ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga galan, da ragowar abincin yara da uwa ke ƙarasawa don kada a zubar. A faranti, rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata shinkafa ko makamancinta. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ita ce minti 150 da ake so; minti goma bayan cin abinci kuma tana taimaka wa iska ta fita. Barci ya kai awa bakwai in yara sun bari, don rashinsa yana buɗe ciki. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe. Makonni biyun farko ƙila ki ga bai motsa ba ko ya ɗan hau, saboda faiba tana riƙe ruwa a hanji. Ba kitse ba ne.

In kin yi mako shida kina zagawa lafiya amma kumburin yana nan, akwai abubuwan dubawa. Na farko madara: wajen kashi biyu cikin uku na manyan duniya ba sa narkar da sukarinta sosai. Ki ajiye madara mako biyu, sannan ki sha kofi guda ki ga abin da zai faru cikin 'yan awanni. Yogot yawanci ya fi sauƙi. Na biyu cingam da alawar da aka rubuta babu sukari, sobitol ɗin da ke ciki yana kumbura ciki, ga iskar da ake haɗiya wajen tauna. Na uku, wasu masu hanji mai saurin fushi, abin da likitoci ke kira IBS, albasa da tafarnuwa da alkama da wake su ne ke tayar musu da shi. Akwai tsarin abinci da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fitar mai suna FODMAP, ana janye waɗannan mako biyu zuwa shida sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya a gano mai laifin. Da jagorancin masanin abinci ake yin sa, kuma ba a zama a kansa, don yana rage wasu ƙwayoyi masu amfani.

Tun kafin nan ma muna so ki ga likita sau ɗaya, saboda ƙiba da taurin ciki da suka faro bayan haihuwa suna iya zama na raunin maƙoƙo, wato tayirod, musamman in akwai kasala, jin sanyi, zubar gashi ko bushewar fata. Gwajin jini na TSH ne ke nuna shi. A haɗa da awon sukari, awon jini da hawan jini. Ki tafi da duk magungunan da kike sha a leda: allurar tazarar haihuwa ta wata uku, firednisolon da dangoginsa, wasu magungunan damuwa da na farfaɗiya suna ƙara nauyi, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuma tana taurara bayan gida. Kada ki daina ko ɗaya da kanki. In al'adarki tana tsallake watanni ko gashi na fito miki a haɓa, ki faɗa masa.

Akwai kuma alamomin da ba a jira mako shida a kansu. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi mai kama da kwalta alhali ba kya shan maganin ƙarin jini. Ramewa ba tare da kin nema ba. Amai mai maimaituwa ko abinci ya riƙa tsaya miki a ƙirji. Ciwon ciki da ke tashe ki daga barci. Zazzaɓi tare da ciwon ciki. Ko wani a danginku na kusa ya taɓa yin sankarar hanji. Haka nan in kumburin ya daina lafewa da safe, ya zama kullum yana nan, ga saurin ƙoshi da yawan fitsari, wannan sai an duba mahaifa da ƙwan mace da hoton ciki. Ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani, ba bayan gida ba tusa, ga amai, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare ne a tafi asibiti.

Ki ajiye ɗan littafi daga gobe: awon cibiya safe da dare, ranakun da kika zaga da yadda ya fito, tauri ko laushi, da sabon abincin da kika ƙara a ranar. Shi za ki miƙa wa likita, kuma da shi za ki gane ko wake ne ko madara ko albasa. In kin cika mako shida, ki sake rubuto mana da lambobin. Allah Ya ba da lafiya.